Kukan Birki Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Duk wanda ya tsaya a shataletalen Kpakungu da safe, lokacin da ma'aikata da ɗalibai masu tafiya Gidan Kwano suka cika titi, zai sha jin kukan birki har ya ishe shi. Wata motar tana fito siriri, wata tana gurza kamar ana wasa wuƙa a dutse, wata kuwa da zarar direba ya taka sai ta karkata gefe. Mutanen Minna sun saba da wannan har ya daina damunsu. Idan abin ya yi yawa, mai mota ya nufi Ƙetaren Gwari ko wani gareji a Bosso ko Tunga, ya ce, "Oga, birkina yana kuka." Amsar kusan kullum ɗaya ce: "Alhaji, fad ne ya ƙare." A canza, a biya, bayan 'yan makonni kuka ya dawo. A mafi yawan lokuta fad ɗin ba shi ne mai laifi ba, wani abu ne ya cinye shi, kuma wannan abin yana nan ba a taɓa shi ba.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Idan direba ya taka, masta takan tura man birki ta cikin siraran bututai zuwa kowace ƙafa, man ya tura fistin da ke cikin kalifa, kalifa ta matse faifan da ke juyawa tare da taya tsakanin fad biyu. A ƙafafun baya na motoci da yawa, irin tsofaffin Corolla da Golf da ke aikin haya, ganga ce maimakon faifai, lainin ke buɗewa daga ciki ya riƙe ta. Da yake nauyin mota yakan zubo gaba idan an taka, ƙafafun gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin, don haka su ne ke fara ƙorafi.

Ƙarar kanta tsohuwa ce. A 1902 injiniya Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Birmingham ta Ingila, amma da jan ƙarfe yake matse faifan, kuma kururuwar da yake yi na cikin abin da ya hana shi karɓuwa. Sai da Jaguar ta ci tseren Le Mans na Faransa da shi a 1953, Citroën kuma ta sa shi a motarta DS a 1955, sannan duniya ta yarda.

Wani kukan ba na damuwa ba ne. A damina, motar da ta kwana a waje bayan ruwan dare takan yi gurza a taku biyu ko uku na farko, saboda tsatsa mai laushi ta hau faifan. Da an ɗan yi tafiya ta goge. Fito siriri mai daɗewa kuwa sau da yawa da gangan aka yi shi. Akwai ɗan ƙarfe da kamfani ke liƙa wa fad, wanda ke fara taɓa faifai idan naman fad ɗin ya rage kamar milimita 2 zuwa 3, alhali sabo yakan kai milimita 10 ko fiye. Wannan gargaɗi ne, kuma a lokacin gyara yana da araha. Wanda ya yi kunnen uwar shegu shi ke kaiwa ga gurzar ƙarfe da ƙarfe, inda bayan fad ke yanka faifai, kuɗin gyaran ya ninka. Sai kuma gunji mai ƙaruwa da gudu, ko an taka birki ko ba a taka ba, wanda ke canza murya idan an karya kwana: wannan boris ne, ko an canza fad sau goma ba zai daina ba.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne motar da ke janyewa gefe. Kalifar yawancin motoci tana zamewa ne a kan sanduna biyu masu giris, kowace da 'yar rigar roba da ke kare ta. Ƙurar hunturu, da ruwan kwatami da ake kutsawa a damina, da girgizar ramukan hanyar Suleja ko ta Bida, su ke yaga robar. Ƙasa ta shiga, giris ya bushe, sanda ta kafe. Daga nan fad ɗaya ke aiki, ɗan'uwansa yana hutawa. Shaidar tana hannun bakanike tun lokacin da ya zaro su: na ciki ya cinye har ƙarfe, na waje yana da sauran nama, ko kuma fad ɗin ya ci a karkace, gefe ɗaya siriri gefe ɗaya kauri. Bakaniken da ya ga haka ya sa sabo ya ɗaure ba tare da ya zaro sandunan ya wanke ba, ya sayar wa mai mota matsalarsa ne a karo na biyu.

Mota takan ja ne zuwa ɓangaren da birkinsa ya fi kamawa. Idan ta ja dama, sau da yawa ƙafar hagu ce ta mutu, abin da ke sa wasu su ɓata lokaci suna kwance ƙafa mai lafiya. Mai mota zai iya gwadawa da kansa. Bayan tafiyar 'yan kilomita, a ce daga Chanchaga zuwa Mobil, ya tsaya ya kusantar da bayan hannunsa ga kowane rim, ba tare da ya taɓa faifai ba, don yana iya ƙona fata. Ƙafar da ta fi sauran zafi ƙwarai, ko take warin ƙuna, ta riƙe. Wani lokaci ba sanda ba ce, tiyon roba ne ya ruɓe daga ciki, yana barin mai ya wuce amma ba ya barin ya koma. Kafin a kai ga duk wannan, a duba iskar taya, a girgiza tayirod da bol-joyin, domin su ma suna karkatar da mota idan nauyi ya zubo gaba.

Sai rawar sitiyari. Direba ya fito Paiko a guje, ya taka, sitiyari ya kama kakkarwa a hannunsa, feda tana bugun tafin ƙafarsa. Ana cewa faifai ya lanƙwashe. Yawanci dai kaurinsa ne ya bambanta daga wuri zuwa wuri, da bambancin da ido ba ya gani. Kamfanoni da yawa ba su yarda faifai ya kauce fiye da kamar milimita 0.05 ba, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Ɗaya daga cikin masu haddasa wannan yana zaune a bakin titi, wato mai faci. Ya ɗora sifana, ya zura mata dogon bututu, ya hau da ƙafa biyu yana tsalle, noti ɗaya ya ɗaure tamau kafin a taɓa sauran. Yana ganin alheri yake yi. Notin tayar Corolla ko Camry kuwa ma'auninsa Nm 103 ne, ƙarfin da hannun mutum ɗaya ke bayarwa, kuma a tsallake ake ɗaure su, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, don faifai ya zauna daidai. Tsatsar da aka bari a mazaunin faifai ma tana yin haka. Haka nan danne birki a tsaye bayan ya yi zafi sosai, wanda ke barin tambarin fad a wuri ɗaya.

Ana iya kai faifai wajen masu injin sassaƙa ƙarfe su daidaita fuskarsa, amma da iyaka. A jikin kowane faifai akwai rubutun MIN TH da lamba, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda. Wanda ya kai nan sai canji. Bugun feda da ake ji a motoci masu ABS idan an taka da ƙarfi a kan tsakuwa ko jiƙaƙƙen titi kuwa aikin na'urar ne, ba a ɗaga ƙafa.

Man birki shi ne abin da kusan ba wanda ke tunawa da shi sai ya ragu. Yana shan danshin iska a hankali. Sabon mai nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma idan ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko zuwa 140. DOT 4 daga 230 zuwa 155. Motar da aka cika da buhunan doya, ana ta taka birki a gangare cikin zafin Maris, tana iya kai man ga tafasa, feda ta nutse har ƙasa. Shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa a zubar a sa sabo duk shekara biyu. Idan kuma ya ragu a gwangwaninsa, ko fad ne ya ci ko akwai yoyo. Ƙara mai kawai rufe ido ne. Dabarun da wasu direbobin haya ke yi a hanya, zuba ruwan garin sabulu a madadin mai, ko toshe bututun ƙafar da ke yoyo a tafi da ƙafa uku, su ne ke haifar da motar da ke juyawa a tsakiyar titi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa ƙwacewar birki a cikin musabbaban haɗari da take bayar da rahoto a kansu, kuma irin wannan motar ce ke shiga lissafin.

Gyaran kirki ba shi da wani sirri. Ana canza fad na hagu da na dama tare, ko da ɗaya ne ya ƙare. A wanke sanduna a shafa musu giris na silikon, domin baƙin giris na yau da kullum yana kumbura roba. Ƙurar da ke cikin ganga kada yaron gareji ya hura ta da baki ko da iska, a jiƙa a share, don wasu lainin masu araha har yanzu suna iya ɗauke da asbestos mai lalata huhu. Kafin mota ta motsa daga gareji, a buga feda sau da yawa har ta yi tauri, saboda an mayar da fistin baya, takun farko ba ya kama komai. Daga nan a nemi titi marar cunkoso, a kai kamar kilomita 60 a awa, a rage zuwa 10 ba tare da an tsaya cak ba, a maimaita sau takwas ko goma, sannan a yi 'yar tafiya ba taka birki don faifai ya huce.