Ɗalibin da Ke Karantawa Amma Ba Ya Ganewa

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa Talata Mafara da Bakura da Maradun, a kan wata matsala da malaman manyan makarantu suka san da ita sarai, amma ba a cika tayar da zancenta a fili ba. Ɗalibi ne ya gama sakandare, ya samu gurbin karatu, in ka miƙa masa takarda zai karanto maka shafi guda da Turanci ba gargada. Ka ce masa, "To, me aka ce?" Sai ya yi zuru.

Akwai irinsa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, akwai shi a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Kuma ba daƙiƙi ba ne. Sau da yawa shi ne ke yi wa mahaifinsa lissafin taki da buhunan shinkafa a gonakin noman rani na Bakolori, da ka, ba biro ba takarda.

Mu tuna abin da wannan yaro ya ratsa. A 2020 cutar korona ta rufe makarantu wata da watanni. A Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata a Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. A Agusta 'yan bindiga suka afka wa kwalejin Bakura, a farkon Satumba kuma aka kwashe ɗalibai a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar Zamfara. Yaran da ke sakandare a wancan lokaci su ne yau ke zaune a azuzuwan difloma. Ajin da suka tsallake bai dawo ba.

Sai dai matsalar ta girmi 2021. Tun 1986 wasu masana biyu, Gough da Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar karatu na buƙatar abu biyu tare: iya haɗa baƙaƙe su zama kalma, da sanin harshen da aka yi rubutun da shi. In ɗaya ya gaza, ɗayan ba ya tsinana komai. Ɗalibanmu da yawa sun iya na farko, na biyun ne ya yi musu ƙaranci. Binciken Paul Nation na ƙasar New Zealand da abokiyar aikinsa ya nuna mai karatu na buƙatar ya san kusan kalma 98 cikin 100 kafin ya gane rubutu shi kaɗai. To, wanda a kowane layi sai ya ci karo da baƙuwar kalma fa? Hadda zai koma. Ya haddace takardun lacca, ya juye su ranar jarrabawa, in malami ya ɗan sauya fasalin tambaya ya faɗi.

Shirin RANA, wanda UNICEF ta tallafa wa a Zamfara da Katsina don koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwan firamare, ya yi ƙoƙarin toshe ɓarakar daga tushe. Amma wanda ya riga ya shiga kwaleji fa, ta ina za a kama masa?

A ganina, dabarar tana zaurukanmu. Ku dubi yadda ake karatun Ahalari ko Iziyya bayan sallar asuba. Almajiri ya ja jimla ɗaya ta Larabci ya tsaya, malam ya ba shi ma'ana da Hausa. Ya sake ja, a sake ba shi. Gobe kafin a ƙara masa, sai ya maimaita na jiya da ma'anarsa. Ba a wucewa sai an gane.

Haka yaya ko aboki zai yi da ɗalibin kwaleji. Ku zauna ku biyu, ba a gaban jama'a ba, domin kunya ce ta sa ya ɓoye matsalar tun farko. A ɗauki sakin layi ɗaya tak, a ce kan yadda gishiri ke taruwa a gonar ban ruwa. Kafin ya buɗe, ka tambaye shi, "Ƙanena, ka taɓa ganin gonar da ƙasarta ta yi fari-fari, shuka ta ƙi?" Zai ce ya gani, har ya gaya maka a ina. Yanzu ya san inda zancen ya dosa. Sai ya karanta, ya kife takardar, ya gaya maka da Hausa abin da ya ji. Inda ya yi tuntuɓe, nan aikin yake. Wani lokaci kalma ɗaya ce ta toshe hanya, sai a duba ƙamus na waya, ya rubuta ta a ƙaramin littafi da misali nasa na kansa. Wani lokaci kuma ƙananan kalmomin da ke juya magana ne, irin masu nufin "amma" da "ko da yake" da "sai dai in". Ɗalibi ya tsallake su, ya fito da kishiyar abin da marubuci ya nufa. A ƙarshe ya ƙirƙiro tambaya ɗaya daga abin da ya karanta, ya yi maka ita. Rabin awa kullum ya fi kwana ido biyu a daren jarrabawa.

Wani zai ce ai Hausar za ta kashe masa Turanci. Ban yarda ba. Wanda ya gane da Hausa yana da abin da zai rubuta da Turanci, ko da gurgu ne.

Malamai ma da nasu kason. Muddin tambayar jarrabawa "kawo ma'ana" ce da "lissafo guda biyar", ɗalibi ba shi da dalilin barin hadda. Sannan in ana ta fama, ɗalibi na cewa baƙaƙe na cakuɗe masa, ko kansa na ciwo in ya jima yana karatu, a fara kai shi a auna masa ido. In idon lafiya lau, akwai larurar karatu da ake haihuwar mutum da ita, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Mai ita a karanta masa ya saurara, ko ya naɗi lacca a waya da izinin malami, a kuma ƙara masa lokaci.

Nan za mu dakata a shirin na yau.