Ko Kun Sani? Plasma Mai Cunkoso da Igiyoyin Milimita

Muryar da ke zuwa rediyonku ta gajeren zango ba kai tsaye take isowa ba. Sai ta haura sama, ta bugi wani rufi na iska mai caji da ake kira plasma, sannan ta dawo ƙasa. Da rana, ɗan gurbi mai santimita 1 ta kowane gefe a wannan rufi kan ɗauki ilektoron kusan miliyan 1, kuma wannan ya isa ya mayar da igiya mai megahaz 9.

Kowace plasma tana da saurin kaɗawarta, kuma cunkoson ilektoron ne ke yanke shi. In ana so saurin ya ninka sau 10, sai cunkoson ya ninka sau 100. To, igiya mai gigahaz 100, wadda tsawonta milimita 3 ne kacal, tana buƙatar plasma da ta fi ta sama cunkoso fiye da sau miliyan 100 kafin saurinsu ya zo ɗaya.

Me ya sa ake wahalar samar da irin wannan plasma? Na'urar ƙara ƙarfin irin wannan igiya tana da sassan ƙarfe ƙanana ƙwarai, masu wuyar ƙerawa, masu saurin lalacewa da zafi. A 1949, Akhiezer da Fainberg a Tarayyar Sobiyet, da Bohm da Gross a Amurka, suka nuna cewa kwararar ilektoron da ta ratsa plasma tana miƙa ƙarfinta ga igiya, don haka plasma za ta iya maye gurbin waɗannan sassan ƙarfe. Babban aikin shi ne riƙe plasmar da maganaɗisu, cunkosonta bai ɗaya, ba tare da ta cika saƙon da hayaniya ba.