Injiniyancin Kayan Asibiti: Mu Shiga ko Mu Haƙura?

Mu 'yan ajin ƙarshe da muke shirin WASSCE, muhawarar da ta fi zafi a tsakaninmu bana ita ce ta wannan kwas. Wasu iyayenmu a zango sun ɗauka ƙanen likitanci ne, wato in yaro bai samu gurbin likita ba sai ya faɗa nan. To, ba haka ba ne fa.

Mai wannan karatu injiniya ne. Ba ya duba mara lafiya, ba ya rubuta magani. Aikinsa na'urorin da likita ke dogaro da su: injin wankin ƙoda, kwalbar da ake sa bakwaini, na'urar hoton ƙashi, ƙafar roba. A nan Ghana ana koyar da shi a KNUST da ke Kumasi da kuma Jami'ar Ghana a Legon, shekara 4, sannan bautar ƙasa shekara 1. Jigonsa lissafi ne da fiziks da ilimin lantarki, sai a haɗa da sanin jikin ɗan Adam. Wanda lissafi ke sa masa ciwon kai tun yanzu, wallahi gara ya sake shawara, don can abin ƙaruwa yake yi.

Akwai wani reshe da ke aiki da ƙwayoyin halitta. Misali, a da daga jikin alade da saniya ake ciro insulin na masu ciwon suga. A 1982 aka fara sayar da wanda ƙwayoyin bakteriya ke samarwa bayan an dasa musu umarnin halittar mutum. Musulmi ya san darajar wannan. Sai dai irin wannan bincike yakan buƙaci digiri na biyu ko na uku, sau da yawa a ƙasar waje, kuma ba kowane gida zai iya jira ba.

Maganar aiki fa? Yawancin na'urorin daga waje ake shigo da su, don haka abin da ke jiran ɗalibi tun farko shi ne girkawa, gwaji da gyara, a manyan asibitoci irin Komfo Anokye da Korle Bu, ko a kamfanonin da ke sayar da kayan. Mu dai ba mu raina shi ba. Injin wankin ƙoda ɗaya in ya tsaya, mutane nawa ne za su koma gida ba a yi musu ba?

Masu son gyaran rediyo da waya a cikinmu, mata da maza, su ne muke ganin ya dace su cike fom ɗin. Wanda kuma zuciyarsa ke kan jinyar mutane, ya nemi aikin nas, unguwarzoma ko haɗa magunguna.