Sunan yanka da lakabi: daga ina suka fito?

Jama'ar Matameye da ƴan'uwa na nesa, yawancinmu suna biyu gare mu: na yanka, wanda liman ke raɗawa ran bakwai, da lakabin da gida ke kira.

Na yanka daga Larabci ya zo, bakinmu ya lanƙwasa shi. Muhammadu ya koma Mamman, Ibrahim ya koma Iro, A'isha kuwa Indo. Abubakar muna ce masa Habu ko Garba, Barebarin Damagaram su ce Bukar.

Lakabi shi ne ke riƙe labarin haihuwa. Ladi ran Lahadi ta zo, Balarabe ran Laraba, Jummai ran Juma'a. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo kuma mai bin tagwaye. Uwar da ƴaƴanta ke rasuwa takan ce wa jariri Ajuji, wai abin juji ne, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Wanda ya ci sunan kakansa sai a kira shi Abba, don kunya ta hana faɗin sunan suruki.

To, a nan ake tuntuɓe. Gida na kiran Ɗanladi, takardar haihuwa ta ce Abdou, lakkol ta rubuta wani daban. Ran jarrabawa ko neman fasfo sai rigima. Musa na Kano shi ne Moussa na nan, amma ofis harafi yake dubawa. Iyaye, in an je rajista, mu sa a karanta mana abin da aka rubuta kafin mu tashi.