RIJIYA TA BAYAR, GUGA YA HANA

A 'yan shekarun nan gwamnati ta kwashe yawancin hulɗarta da talakawa ta mayar kan intanet. Neman aiki, rajistar jarrabawa, katin zaɓe, duk sai a ce mana a duba shafin hukuma. To, amma shin shafin nan yana isa ga manomin Faskari, ko ɗalibin Ƙanƙara, ko 'yar kasuwar Sabuwa?

A ranar 28 ga Yuni, 2021, hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe shafin fara rajistar masu zaɓe. A watan Satumba na shekarar, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da waɗannan ukun. Aka yi watanni shafi yana buɗe, amma mai bukata sai ya biya kuɗin mota, ya bi hanya mai haɗari, ya je inda waya ke kamawa.

Ko da layi ya dawo, da sauran rina a kaba. Galibin shafukan nan da Turanci aka rubuta su, kuma ƙaramar waya ba ta iya buɗe su. Dole mutum ya miƙa lambarsa ta ɗan ƙasa da sauran sirrinsa ga mai shagon kwamfuta, ya kuma biya.

Sai batun amana. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, INEC ta yi alkawarin ɗora sakamakon rumfuna a shafinta nan take, amma hakan bai samu a kan lokaci ba. Hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Idan shafin gaskiya ya saɓa alkawari, 'yan damfara ne ke cin riba, domin sukan ƙirƙiro shafukan bogi masu tambarin gwamnati, su karɓi kuɗin masu neman aiki.

Saboda haka muna jan hankalin matasanmu: ku duba adireshin shafi tukuna. Na hukumomin gwamnati yawanci yakan ƙare da .gov.ng. Wanda ya ce ku tura kuɗi asusun wani mutum, ku guje shi.

Ga hukumomi kuma, rokonmu shi ne a fassara shafukan nan da Hausa, a rage musu nauyi, a kuma bar ofis a buɗe a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma, domin wanda waya ta yanke masa kada haƙƙinsa ya yanke.