Gizo-gizo a Gidajen Zango na Accra

Kalmar gizo-gizo ɗaya ce a Hausa, amma halittun da take nufi suna da yawa ƙwarai. A shekarar 2022 lissafin masana ya kai iri 50,000 a duniya. Dukansu ƙafa takwas gare su, jikinsu kuma kashi biyu ne: kai da ƙirji a haɗe, sai ciki. Ƙwaro kuwa, kamar ƙuda ko sauro, ƙafarsa shida ce. Saboda haka a wurin masana gizo-gizo ba ƙwaro ba ne, ko da yake Bahaushe ƙwaro yake ce masa.

Ba sai an shiga daji ba kafin a ga bambancinsu. A Accra, wadda Hausawan zango suke kira Ankara, gidan haya ɗaya a Nima ko Mamobi ko Adabraka ya isa. Yawancin irin gidajen nan ɗakuna ne a jere kewaye da tsakar gida, ga rufin kwano, ga kwata a ƙofar gida. Sauro da ƙuda da kyankyaso ba sa yankewa, to su ne abincin gizo-gizo.

A fara da lungun rufin ɗaki. Nan ake samun mai dogayen ƙafafu sirara, wanda saƙarsa ba ta da tsari. Idan aka taɓa zaren, sai ya kama karkarwa da sauri har a kasa ganinsa sosai. Dabarar tsira ce. Macen takan riƙe ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe.

Da rana kuma a duba bangon da hasken rana ya buga. Akwai wani ƙarami, gajere, mai manyan idanu biyu a gaba. Wannan ba ya saƙa tarko. Sanɗa yake yi kamar kyanwa, in ya matso kusa da ƙuda sai ya daka tsalle ya faɗa masa. Kafin ya yi tsallen yakan liƙa zare a bango, don ko ya kuskure ba zai faɗo ƙasa ba. A ganina ya fi sauran daɗin kallo, domin idan ka kai fuskarka kusa, juyowa yake yi shi ma ya kalle ka. Wani ɗan'uwansa da ke bakin tafkin Biktoriya a Kenya ya fi son sauron da ya riga ya sha jini a kan kowane abinci.

Wanda ake tsoro shi ne na dare, babba, mai faɗi, da ke maƙalewa a bayan kalanda ko kwaba. Da an kunna fitila sai ya ruga da gudu. Mutane da yawa tautau suke ce masa, kuma idan yaro ya wayi gari da ƙuraje masu ruwa a wuya ko a fuska, akan ce tautau ne ya yi masa fitsari. Sau da yawa ba shi ba ne. Akwai wani ɗan siririn ƙwaro mai ja da baƙi da ke bin hasken fitila, wanda idan aka murtsuke shi a jiki ruwansa yake ƙona fata. Shi kuwa babban gizo-gizon nan kyankyaso yake farauta, bai cika cizon mutum ba sai an matsa masa. Wanda ya buge shi da takalmi ya kashe mai yi masa aiki kyauta.

Saƙa mai kyau sai a waje, a jikin bishiyar mangwaro ko a lambu, irin na Jami'ar Gana a Legon ko na Aburi da aka buɗe a 1890. Gizo-gizon yakan saki zare iska ta kai shi wani reshe, sannan ya ja zaruruwa daga tsakiya zuwa gefe kamar wayoyin ƙafar keke. Waɗannan ba su da danƙo. Zaren da ya kewaya a kansu shi ne mai danƙo, shi ke kama ƙwari. An fi ganinta da sassafe bayan ruwan watan Mayu da Yuni, lokacin da raɓa ta kwanta a kanta. Babbar da ke zaune a tsakiya mace ce. Namijin ɗan mitsitsi ne a gefe.

Ɗalibi ya lura da kalmomi. Sabuwar da aka yi ana ce mata saƙar gizo-gizo, tsohuwar da ƙura ta lulluɓe kuma an fi ce mata yana. Daga nan aka samo yanar gizo, wato intanet. Gizo kuma, ba tare da maimaitawa ba, sunan mai wayon nan ne na tatsuniya, mijin Ƙoƙi. A zango yana da takwara, domin Asantawa da sauran 'yan Akan suna da Kwaku Ananse, shi ma gizo-gizo ne, har tatsuniya ma Anansesem suke ce mata, wato labaran Ananse. Baturen nan R. S. Rattray ya tara duka biyun a ƙasar: na Hausa daga hannun Malam Shaihu aka buga su a 1913, na Akan kuma a 1930.