Maraƙin Da Ya Rasa Uwa: Yadda Za Ki Raine Shi Da Fida

Kiwo a tsakar gida ba baƙon abu ba ne a cikin birnin Kano. Daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Madabo zuwa gindin Dala, da wuya ki shiga lungu ba ki ji kukan akuya ko tunkiya ba. Wasu matan har sun fara ɗaga ido zuwa shanu. Mace ta kwashi adashinta, ta bai wa maigida ko ɗanta ya je Wudil ran Juma'a ko Dambatta ran Lahadi, ya dawo da ɗan maraƙi mai araha saboda uwarsa ta mutu ko an rabu da ita. Sai dai sau da yawa kafin mako 3 zawo ya kwantar da shi, kuɗi ya tafi, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma akwai sababi, kuma galibin sababin yana cikin abin da muke ɗura masa.

Cikinsa ba irin na sa ba ne

Cikin saniya ɗakuna 4 ne, babbansu shi ne tumbi, inda ciyawa ke narkewa. A jikin sabon maraƙi tumbin ƙarami ne kuma bai fara aiki ba. Ɗaki na huɗu kaɗai ke narkar da madara. Idan maraƙi yana tsotso, wata 'yar hanya a cikinsa takan naɗe kamar bututu, ta wuce da madarar kai tsaye zuwa wannan ɗaki. Idan kuwa aka danne shi aka ɗura masa, ko ya kwankwaɗa da gaggawa daga bokiti, madara na iya zubewa cikin tumbi ta yi tsami, ciki ya kumbura, zawo ya biyo baya.

Saboda haka ki yi amfani da fida mai ƙaramar huda. Kada ki faɗaɗa hudar da wuƙa don ki gama da wuri. Ya sha a tsaye, kansa a ɗan ɗage kamar yana ƙarƙashin uwarsa. Ɗura tana da wani haɗarin ma: madara ta bi ta maƙogwaro ta shiga huhu.

Dakashi kafin komai

Ana haifar maraƙi ba shi da garkuwar jiki. Daga dakashi, wato nonon farko mai kauri, yake samunta, kuma hanjinsa yana iya tsotse wannan garkuwa ne a sa'o'in farko kawai. Bayan awa 24 ƙofar ta rufe. Maraƙin Bunaji, farar saniyar Fulani, yakan zo duniya da nauyin kilo 20 zuwa 25, yana kuma bukatar kimanin lita 2 na dakashi a ranar farko, mafi kyau cikin awa 6. Don haka tambayar farko da za a yi wa mai sayarwa ita ce: kwana nawa ya yi yana shan uwarsa? Wanda bai samu dakashi ba, komai arhar sa, kasada ce. A duba cibiyarsa kuma, idan ba ta bushe ba a shafa mata aidin.

Me za ki ba shi, kuma nawa?

Ma'aunin mai sauƙi ne: kashi 1 cikin 10 na nauyinsa a kowace rana. Mai kilo 25 zai sha lita 2 da rabi, a raba sau 3 a makonnin farko, daga baya sau 2. Ki tsayar da lokaci ɗaya kullum, misali bayan Asuba, bayan Azahar da bayan Magariba. Madarar ta kasance da ɗumin jiki, yadda kike gwada ta jaririnki a bayan hannu.

Abin da ya fi shi ne madarar shanu sabuwa, a tafasa a bari ta huce. Idan babu, a nemi madarar gari da aka yi musamman don maruƙa, a dama daidai yadda aka rubuta a jikin buhun. Tsinka ta da ruwa don ta yi auki yunwa ce gare shi. Koko, kunu da farau-farau kuwa ba abincinsa ba ne, domin a makonnin farko cikinsa ba ya iya narkar da gari, haka ma sukarin shayi. Shi ya sa suke wucewa su fito a zawo.

Tun makon farko ki ajiye masa ruwa mai tsabta a kwano daban, da ɗan tafin hannu na dusa gauraye da dakakken ƙuliƙuli, sannan harawa mai laushi. Wannan ɗan abin da yake tsakura shi ke tayar da tumbi ya fara aiki. Idan ya kai wata 2 zuwa 3, yana cinye kusan kilo 1 a rana kwana 3 a jere, sai ki fara rage madara a hankali har a yaye shi.

Idan zawo ya zo

Abin da ke kashe maraƙi shi ne ƙarewar ruwa a jiki. Ki duba idonsa ko ya faɗa ciki. Ki ja fatar wuyansa ki saki, idan ta daɗe ba ta koma ba, ruwa ya yi ƙasa. Ki ba shi haɗin gishiri na dabbobi mai gulukos, lita 1 zuwa 2 tsakanin shan madara biyu, da tazarar kamar awa 2. Haɗin gishiri da sukari na gida da muke yi wa yara bai dace da shi ba, saboda sukarin. Kada ki yanke masa madara, ki dai rage yawan kowane sha ki ƙara yawan lokutan.

Ki guji sayo kafso a kemis kina buɗe masa. Yawancin zawon maruƙa ƙwayoyin bairos ne ko wasu ƙananan halittun hanji ke kawo shi, waɗanda kafso ba ya kashewa. Idan ya daina tsotso, ya kasa tashi, ko kika ga jini a kashinsa, a kai shi asibitin dabbobi, kamar na Gwale, a ranar.

Lafiyar 'ya'yanki fa?

Wasu daga cikin cututtukan nan suna kama ɗan Adam, musamman yara ƙanana. Gidajenmu na cikin gari matsattsu ne, turke da madafa da wurin rarrafen yaro duk tsakar gida ɗaya. Ki ware masa fidarsa da kwanonsa, ki wanke su da sabulu da ruwan zafi bayan kowane sha, ki kife su a rana. Ki kwashe kashinsa nan take, ki wanke hannu kafin ki taɓa abinci ko jariri. Wurin kwanciyarsa ya zama busasshe, nesa da kwata. Ki tsince leda ɗaya bayan ɗaya, domin idan ya haɗiye ta ba ta narkewa, taruwa take yi a tumbi har ta toshe shi.

Kafin ki sa kuɗinki, ki zauna ki lissafa kuɗin madarar wata 3, domin yakan iya fin kuɗin maraƙin kansa. Idan da niyyar layya ce, ki tuna a mazhabar Malikiyya sai sa ya cika shekara 3. Sannan dabbar da kika ɗaure amana ce. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Idan kin ga ba za ki iya ba, 'yar akuya ma jari ce. Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da ke ƙarƙashinmu, amin.